Clint Dempsey: yaya aka yi ɗan jami'a ya ci ƙwallo 57 a Firimiya?

Tambaya: Na ji ana cewa Clint Dempsey, Ba'amurken nan da ya zura wa Ghana ƙwallo tun 'yan kallo ba su gama zama ba a 2014, sai da ya yi jami'a kafin ya fara ƙwallon kuɗi. Mu mun saba yaro yana shekara 17 an riga an kai shi Turai. Yaya aka yi ɗan jami'a ya kai gasar Firimiya? Jami'ar ce ta gina shi, ko ɓata masa lokaci ta yi?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Dempsey ya yi shekara 3 a Jami'ar Furman, daga 2001 zuwa 2003, kuma bai karɓi albashin ƙwallo ba sai yana dab da cika shekara 21. A ganina jami'a ba ita ta koya masa ƙwallo ba. Ta riƙe shi ne a lokacin da babu wani wurin da zai riƙe ɗan talaka irinsa a Amurka, ta kai shi inda masu neman 'yan wasa za su gan shi. Amma ladan wannan riƙo da ta karɓa yana da tsada, kuma sai da ya kusa shekara 30 sannan tsadar ta fito fili.

Sai an koma gidansu kafin a gane wannan. An haife shi ranar 9 ga Maris, 1983, a Nacogdoches, wani ƙaramin gari a gabashin jihar Texas. Wani ɓangare na ƙuruciyarsa a cikin irin gidajen nan na ƙarfe da ake ja da mota ya yi shi, waɗanda a Amurka marasa hali ne ke zama a cikinsu. A Texas ta wancan lokaci ƙwallon ƙafa irin tamu ba ita ce a gaba ba. Ƙwallon zari-ruga ta Amurka ita ce take cika filaye. Waɗanda suka riƙe tamaula da gaske a garin su ne baƙi 'yan Meziko da sauran ƙasashen kudu masu jin Sifaniyanci, kuma da 'ya'yansu ya tashi yana bugawa, daga baya ya shiga gasar manyansu, yana yaro yana karawa da magidanta. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa da waɗanda suka girme shi ya san abin da ake koya a wurin: yadda za ka tsare ƙwallo da jikinka, yadda za ka yi yanka a ɗan matsattsen wuri, da yadda za ka sha duka ka tashi ba ka nuna ya shige ka ba. Waɗannan ukun su ne Dempsey har ya yi ritaya, kuma babu ɗaya a ciki da ya samo a jami'a.

Ga inda tsarin Amurka ya sha bamban da na ko'ina. A Ingila ko Faransa kulob ne yake kashe kuɗi a kan yaro, saboda yana sa ran wata rana zai buga masa ko ya sayar da shi. A Amurka ta wancan lokaci iyaye ne suke biyan kulob kuɗi domin ɗansu ya yi wasa: kuɗin rajista, kuɗin koci, kuɗin tafiye-tafiye da otal. Kulob mai kyau mafi kusa da su shi ne Dallas Texans, a birnin Dallas, tafiyar kusan awa 3 a mota, dawowa ma haka. Yayansa aka kai gwaji, sai masu horarwa suka hango ƙanen a gefen fili yana wasa da ƙwallo, suka ce shi ma suna so. Iyayen suka riƙa yin wannan doguwar tafiya sau da yawa a mako. Da abin ya fi ƙarfin aljihu, aka dakatar da shi domin a mayar da kuɗin kan yayarsa mace, wadda tauraruwarta take haskawa a wasan tanis. A ƙarshen 1995 ta rasu tana shekara 16, sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Shi yana da 12. Bayan haka ya koma Dallas. In ka lura da shi yana nuna sama da yatsa bayan ya ci ƙwallo, ita yake tunawa.

To, yaron da ya gama sakandare a Amurka a 2001, ina zai dosa? Gasar ƙasar, MLS, shekararta 5 kacal da farawa, tana fama da asarar kuɗi, kuma kulob-kulob ɗinta ba su da makarantun renon yara. Ɗaiɗaikun da hukumar ƙwallon ƙasar ta tsinto tun suna ƙanana, irin su Landon Donovan da DaMarcus Beasley, su ne suka tsallake jami'a. Sauran kuwa hanya ɗaya ce: ka samu jami'ar da za ta ɗauki nauyin karatunka, kai kuma ka buga mata. Ga gidan da ya shafe shekaru yana zuba mai a mota zuwa Dallas, gurbin karatu shi ne ribar jarin.

Furman ƙaramar jami'a ce mai zaman kanta a garin Greenville na jihar South Carolina. Kocinta a lokacin Doug Allison ne, kuma Dempsey ya yi wasa tare da Ricardo Clark, wanda daga baya suka je gasar cin kofin duniya ta 2010 tare. A tsakiya yake bugawa. A shekara 3 ya ci ƙwallo 17, ya ba da 19 aka ci, cikin wasa 62. Ka tsaya a kan wannan lamba ta 62, domin rabin amsar tambayarka a cikinta take. Wasa 62 a shekara 3, wato kusan 20 a shekara. Kakar jami'o'i gajeriya ce: daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, sai gasar sili-ɗaya-ƙwale da ke ƙarewa a Disamba. Ana cusa wasannin kusa da juna, wani lokaci biyu a ƙarshen mako guda, ta yadda tsakaninsu jinyar gajiya ake yi maimakon atisaye. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ƙayyade yawan awannin horo, a wancan zamani ta hana biyan albashi, kuma kuɗin tallafin da aka yarda ƙungiyar maza ta raba bai kai na mutum 10 cikakku ba, alhali 'yan wasan sun haura 20. Dokokin wasan ma a lokacin daban suke: ana canja 'yan wasa da yawa, wanda aka cire yana iya komowa. Wannan yana sa koci ya fi son mai gudu da ƙarfi, ya ƙure shi, ya sako wani. Mai dabara ba kasafai yake samun sarari ba.

Yanzu dubi abin da ke faruwa a Ingila a daidai lokacin. A Oktoban 2002, Dempsey yana aji biyu yana da shekara 19, Wayne Rooney ya ci Arsenal yana da 16. A Agustan 2003, yana shirin shiga aji uku, Cristiano Ronaldo ya sa hannu a Manchester United yana da 18. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun 18 zuwa 21 su ne ɗanyen ɗan ƙwallo. Sa'anninsa na Turai suna atisaye kullum da manya, suna buga wasa 40 a shekara, shi yana buga 20 da ɗalibai.

Duk da haka ba zan ce jami'a ba ta amfane shi ba. Ta ba shi abinci, da wurin motsa jiki, da likita, da fili mai ciyawa. Jikinsa ya cika a can. Daga can aka gan shi aka saka shi a tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je gasar duniya ta 2003 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kuma ba a kore shi yana shekara 18 ba, yadda makarantun kulob na Turai suke sallamar mafi yawan yaransu a wannan shekara. Yaron da girmansa yake zuwa a hankali, jami'a tana yi masa haƙurin da kulob ba ya yi.

A MLS ba a sayen sabon ɗan wasa daga jami'a, zaɓa ake yi. Kowace shekara kulob-kulob suna zama su ɗauki 'yan wasa bi da bi, wanda ya fi shan kashi a bara shi ne yake fara zaɓa. A zaɓen Janairun 2004 wanda aka fara ɗauka shi ne Freddy Adu, haifaffen Tema a Ghana, yana da shekara 14, duniya tana ta yayata shi. Dempsey shi ne na 8, New England Revolution ta ɗauke shi ba tare da wata hayaniya ba. Adu ya ƙare da wasa 17 da ƙwallo 2 a babbar tawagar Amurka. Na kawo wannan ne domin a ga cewa sammako shi kaɗai ba ya kai mutum. Nauyin da aka ɗora wa yaron nan ya fi ƙarfin kowane ɗan shekara 14.

A New England ya yi dace da koci, Steve Nicol, tsohon ɗan bayan Liverpool, wanda ya sakar masa mara ya riƙa hawa gaba. Ya ci ƙwallo 7 a kakar farko, aka ba shi kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa, duk da ya karya muƙamuƙi a tsakiyar kakar. A ta biyu ya ci 10. Sun kai wasan ƙarshe na MLS sau biyu a jere, LA Galaxy ta doke su a 2005, Houston Dynamo ta doke su a bugun fenariti a 2006. Ya fara buga wa babbar tawaga a Nuwamban 2004 da Jamaika, ƙwallonsa ta farko kuma Ingila ya ci a Chicago a Mayun 2005.

Wasan da ya buɗe masa ƙofar Turai kuwa 'yan Ghana ba su manta da shi ba. Ranar 22 ga Yuni, 2006, a gasar cin kofin duniya, a birnin Nuremberg na Jamus, Haminu Draman ya ƙwace ƙwallo a ƙafar kyaftin Claudio Reyna ya ci, Dempsey ya farke da ƙwallon da Beasley ya kawo masa, sai Stephen Appiah ya ci fenariti kafin hutun rabin lokaci. Ghana ta wuce, Amurka ta koma gida. Ita ce ƙwallo ɗaya tilo da ɗan Amurka ya ci da ƙafarsa a gasar baki ɗaya, domin ɗayar ɗan Italiya ne ya ci gida.

A Janairun 2007 Fulham ta saye shi a kan dala miliyan 4, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasan MLS ba a lokacin. Ya tarar da 'yan ƙasarsu biyu, Brian McBride da Carlos Bocanegra, su ma duk 'yan jami'a. Watannin farko a benci ya yi su. Ƙwallonsa ta farko ta zo ranar 5 ga Mayu, ya shigo daga benci ya ci Liverpool, aka tashi 1-0, kuma wannan nasarar ce ta hana Fulham faɗuwa daga Firimiya. Abin da ya fi burge ni a zamansa na Landan shi ne yawan kocin da ya gani: Chris Coleman, Lawrie Sanchez, Roy Hodgson, Mark Hughes, Martin Jol. Sau da yawa sabon koci yakan zo ya ajiye shi, sai ya sake ƙwato wurinsa da ƙwallaye. Ba shi da gudun ɗan gefe, ba shi da girman ɗan gaba na gargajiya, don haka koci yakan rasa inda zai dasa shi. Abin da yake da shi shi ne sanin lokacin shiga da'irar gola, da tsalle a tsakanin manyan 'yan baya ba tare da tsoron fashewar kai ba, da ƙarfin halin gwada abin da wani ba zai gwada ba.

Daren Juventus shi ne shaida. A gasar Europa ta 2010, Juventus ta ci Fulham 3-1 a Turin, kuma ƙwallon Fulham ɗaya tilo Dickson Etuhu ne ya ci ta, ɗan Najeriya haifaffen Kano. A wasa na biyu ranar 18 ga Maris a Craven Cottage, David Trezeguet ya ƙara musu ɗaya tun minti na 2. Bobby Zamora ya farke, aka ba Fabio Cannavaro jan kati, Zoltan Gera ya ci biyu, jimilla ta zama 4-4. Dempsey ya shigo daga benci. A minti na 82 ya karɓi ƙwallo a bakin da'ira, 'yan baya sun tare gabansa, kowa yana jiran ya ba da ita. Sai ya sa ƙafa a ƙarƙashinta ya ɗaga ta, ta bi ta saman gola ta sauka a kusurwar nesa. Wannan bugu na filin unguwa ne. Babu kocin jami'ar da zai koya maka shi, da yawansu ma za su yi maka faɗa idan ka gwada ka ɓarar. Fulham ta kai wasan ƙarshe a Hamburg, Atletico Madrid ta ci 2-1 a ƙarin lokaci da ƙwallaye biyu na Diego Forlan, Dempsey kuma ya zama Ba'amurke na farko da ya buga wasan ƙarshe na babbar gasar Turai.

Daga nan sai hawa: ƙwallo 12 a Firimiya a 2010-11, sannan 17 a 2011-12, 23 a dukkan gasanni, har da uku rigis a ragar Newcastle a Janairun 2012, abin da babu Ba'amurken da ya taɓa yi a Firimiya kafinsa. Ya bar Fulham da ƙwallo 50 a gasar.

A nan ne bashin jami'a ya biyo shi. Burinsa ya buga gasar Zakarun Turai, amma lokacin da ya kai ƙololuwa yana da shekara 29. Babban kulob yana zuba kuɗi ne a kan ɗan shekara 23 ko 24, wanda zai ci moriyarsa ya kuma iya sayarwa. An yi ta maganar Liverpool, cinikin bai faɗa ba, sai a ranar rufe kasuwa, 31 ga Agusta, 2012, Tottenham ta ɗauke shi. Ya yi abin kirki: shi ya ci ta ukun a nasarar 3-2 a kan Manchester United a Old Trafford, karo na farko da Tottenham ta yi nasara a can tun 1989, ya kuma farke wa kulob ɗin a daƙiƙun ƙarshe da United ɗin a cikin dusar ƙanƙara a Janairu. Ƙwallo 7 a Firimiya, jimillarsa ta zama 57. Amma Tottenham ta ƙare ta 5 da maki 72, Arsenal ta 4 da 73. Maki ɗaya ya raba shi da gasar da ya bar Fulham dominta, kuma bai taɓa buga ta ba. Ina da yaƙinin da ya isa Ingila yana da 20 maimakon dab da 24, da kakar ƙwallo 17 ɗin nan ta same shi yana da 25 ko 26, da kuma masu ƙwanƙwasa ƙofarsa sun bambanta.

Amurkawa su ma sun gane haka. Daga 2007 aka fara kafa tsarin makarantun renon yara, kulob-kulob na MLS suka samu izinin ɗaukar yaran da suka rena kai tsaye ba ta hanyar zaɓe ba. Christian Pulisic ya tafi Borussia Dortmund yana da 16, ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2021 yana da 22. A wannan shekarar ta rayuwa Dempsey yana kakarsa ta biyu a New England. Hanyar jami'a ba ta mutu ba, ta dai koma ta waɗanda idon masu nema ya tsallake. Matt Turner ya fito daga Jami'ar Fairfield, babu kulob ɗin da ya zaɓe shi, ya ƙare ya sa hannu a Arsenal ya kuma tsare wa Amurka raga a Qatar a 2022. Daga Afirka ta Yamma ma ana bin ta: Abu Danladi, ɗan Takoradi, ya bi ta makarantar Right to Dream ta Ghana ya shiga Jami'ar UCLA, kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen 2017. Idan da wani ƙanenka a ranka kake tambayar, to shawarata ita ce: yaron da babban kulob yake nema da gaske yana da 17, jami'a jinkiri ce gare shi, wanda kuwa babu mai nemansa tukuna kuma yana da ƙoƙarin karatu, ita ce hanyar da ko ƙwallon ba ta karɓe shi ba zai fito da digiri a hannu.

A tawagar ƙasa kuwa jinkirin bai rage masa komai ba. A gasar Zakarun Nahiyoyi ta 2009 a Afirka ta Kudu ya ci Masar, ya ci Sifaniya a wasan kusa da na ƙarshe da ya kawo ƙarshen wasa 35 da suka yi ba a doke su ba, ya kuma ci Brazil a wasan ƙarshe, wanda Amurka ta jagoranta da 2-0 kafin ta sha kashi 3-2. A kofin duniya na 2010 bugunsa ne ya suɓuce wa Robert Green, golan Ingila. A zagaye na biyu shi aka kayar aka ba da fenaritin da Donovan ya ci Ghana, kafin Asamoah Gyan ya raba gardama a ƙarin lokaci. A 2012 ya ci Italiya a Genoa, nasarar Amurka ta farko a kanta. Sai 16 ga Yuni, 2014, a Natal, yana kyaftin: ya karɓa daga Jermaine Jones, ya yanke John Boye, ya buga da hagu ta daki turke ta shiga, daƙiƙa 30 da farawa. A wasan ne aka karya masa hanci, ya ci gaba da wasa. André Ayew ya farke, John Brooks ya ci ta biyu, a karo na uku Amurka ta samu sa'ar Ghana. Ya ƙara cin wata a ragar Fotugal a Manaus. Shi ne Ba'amurke na farko da ya ci ƙwallo a gasar kofin duniya ta maza sau uku daban-daban.

Ya koma gida a Agustan 2013, Seattle Sounders ta biya dala miliyan 9. A can ya haɗu da Obafemi Martins, kuma a 2014 su biyun sun fahimci juna kamar tare suka tashi: Martins ya ci 17, shi ya ci 15, Seattle ta fi kowa maki a kakar, suka ɗauki kofin ƙalubale na Amurka, inda dukansu suka ci a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe da Philadelphia. Zafin zuciyar da ya kai shi inda ya kai ya taɓa kai shi ƙasa: a 2015 ya fisge littafin alƙalin wasa ya yaga a karawa da Portland, aka dakatar da shi, kyaftin ɗin tawagar ƙasa ya koma hannun Michael Bradley. Laifi ne, kuma hukuncin ya dace. A 2016 aka gano bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, ya zauna yana kallo Seattle ta ɗauki kofin MLS ba shi a fili.

Ya dawo a 2017 yana da 34, ya ci Honduras uku rigis a Maris, a Yuli kuma ya ci Costa Rica da bugun tazara a jiharsa ta Texas. Ita ce ta 57 da ya ci wa tawagar ƙasa, ya kamo Donovan a matsayin wanda ya fi ci wa Amurka ƙwallo, shi a wasa 141, Donovan a 157. Ranar 10 ga Oktoba, a garin Couva, canjaras kawai Amurka take buƙata da Trinidad da Tobago ta je kofin duniya na 2018 a Rasha. Aka ci su biyu kafin hutu, Pulisic ɗan shekara 19 ya rage ɗaya. Dempsey ya shigo daga benci, a ƙarshe-ƙarshen wasa ya buga wata daga wajen da'ira ta daki turke ta fita. Da ta shiga, da ita ce ta 58, da kuma ya je kofin duniya na huɗu. Bai sake saka rigar Amurka ba, ya ajiye takalmi ranar 29 ga Agusta, 2018.